Sawakin: tattalin arziki da zaman jama'a a wata ƙaramar tashar teku

1. Gabatarwa

A ƙauyukan Dakoro, irin su Mai Yara, teku abu ne da ake ji a labari. Amma akwai wani gari na bakin teku da sunansa ya daɗe da shiga bakin Hausawa ta hanyar mahajjatan ƙasa, wato Sawakin, a gabashin Sudan. A cikin wannan maƙala za mu duba matsayin garin, da mutanensa, da sana'o'insu. Abin da muke son nunawa shi ne, Sawakin ta fi dogara ga abin da ke ratsa ta bisa ga abin da take samarwa, kuma nan ne ƙarfinta da rauninta suke.

2. Wuri da tarihi

Sawakin tana bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan. Tsohon garin yana bisa wani ɗan tsibiri, an gina gidajensa da dutsen murjani da ake samu a teku. A kan tudu kuma akwai unguwar Algaif. Turkawan Usmaniyya sun riƙe garin tun ƙarni na 16, sannan ya koma hannun Masar a 1865. A shekarun 1880 Usman Digna, kwamandan Mahadi a gabas, ya yi ta kai masa yaƙi.

Faɗuwar Sawakin ta zo ne daga mashigarta: matsattsiya ce, murjani ya kewaye ta, manyan jiragen tururi ba su shiga cikin sauƙi. Saboda haka Ingilishi suka fara gina Bur Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909. Fatake suka ƙaura, gidajen tsibirin suka yi ta rushewa. Sai a 1991 aka buɗe sabuwar tasha mai sunan Usman Digna, garin ya ɗan farfaɗo.

3. Jama'a

Ƙidayar 2008 ta nuna cewa mazauna garin sun kai wajen 40,000. Mafi yawansu Beja ne, makiyayan raƙuma da awaki, tare da Larabawa da zuriyar fataken da suka ƙetaro daga Hijaz da Yaman.

Su kuwa mutanen yamma, da ake kira Takari ko Fallata, aikin hajji ya kai su. Mai niyya kan tashi daga Gobir ko Damagaram ko Kano, ya bi ta Borno, Wadai da Darfur, yana tafiya yana ƙodago don ya tara guzuri. Tafiyar kan ci shekaru. Yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa kusa da Sinnar. Wasu sun yi aikin auduga a Jazira, wasu a Tokar, kudu da Sawakin. Da yawa ba su ƙetare ba, wasu kuma sun dawo daga Makka suka zauna. Zuriyarsu na nan a Bur Sudan, Kasala da Gadarif, suna jin Hausa da Larabci.

4. Sana'o'i da zaman yau da kullum

Abubuwa 3 ke riƙe da garin. Na farko, jiragen fasinja zuwa Jidda, masu ɗaukar mahajjata, masu umra da ƴan ci-rani. Na biyu, fitar da dabbobi zuwa Saudiyya, musamman raguna daga Kordofan da Darfur, kuma cinikin ya fi zafi gab da layya. Na uku, kamun kifi da ƙananan jirage. A jikin waɗannan ne ƴan dako, dillalai, direbobi, masu masauki da masu sayar da gahawa suke samun na abinci. Ranar da babu jirgi, kasuwa sai ta yi sanyi.

Noma ba shi da ƙarfi, domin ruwan sama kaɗan ne, kuma a lokacin sanyi yake zuwa. Ruwan sha ma da tsada ake samunsa. Idan zafi ya tsananta, masu hali kan hau tsaunuka wajen Sinkat.

Hatsarin wannan dogaro ya fito fili a watan Yunin 2022, sa'ad da wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a tashar da tumaki sama da 15,000. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya taɓa yankunan da dabbobin ke fitowa.

5. Kammalawa

Mun ga yadda sauyin tasha a 1909 ya karya Sawakin, da yadda jirgin sama ya janye mahajjatan yamma daga hanyar ƙasa. Wannan darasi bai yi mana nisa ba. Nijar ba ta da teku, kuma rufe iyakar Benin a 2023 ya nuna wa ƴan kasuwar Maraɗi abin da dogara ga tashar Kwatano kaɗai ke jawowa. Makiyayin Dakoro da ke jiran mai saye daga Najeriya, shi ma farashin ragonsa yana hannun wanda ke riƙe da hanya.