Fizgar Motar Dizal a Lokacin Hunturu: Ina Ainihin Cutar Take?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, da zarar hazo ya lulluɓe Accra, garejojin Nima, Maamobi, Kotobabi da Accra New Town kan cika da ƙorafi iri ɗaya. Direban motar haya ta trotro ya tayar da Sprinter ɗinsa da asuba, ta tashi, tana silo ba gardama. Sai ya cika fasinja ya kama hawa, irin na Ayi Mensah zuwa Aburi, ya taka totur, mota ta fara fizga, ta ja ta saki, ta ja ta saki. Masu manyan motocin da ke ɗauko albasa daga Nijar da Bawku zuwa kasuwar Adjen Kotoku su ma sun san wannan baƙin ciki, musamman a tafiyar dare.

A tasha nan da nan ake yanke hukunci. Direba ya ce, "Masta, sanyi ne ya daskarar da man." Bakanike ya kasa kunne na minti biyu ya ce, "Alhaji, famfon mai ya mutu, sai a aika yaro Abossey Okai ya sayo wani." Dukkansu sun yi gaggawa, kuma gaggawar nan tana cinye kuɗin makarantar yara a gidaje da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: sanyin Accra bai kai ya lalata inji mai lafiya ba, aikinsa shi ne tona asirin lahanin da ya daɗe a ɓoye.

Shin dizal na daskarewa a nan?

Maganar daskarewar mai tana da asali. A cikin dizal akwai wani sinadari mai kama da kakin kyandir. Idan sanyi ya kusanci digiri sifili, kakin nan yakan fara fitowa ƙwaya-ƙwaya, man ya yi gizo-gizo, ƙwayoyin su toshe filta. Shi ya sa a Jamus, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, gidajen mai ke sayar da dizal na musamman da ke iya ratsa filta har a digiri 20 ƙasa da sifili. 'Yan Zango da ke tuƙi a Hamburg, Toronto ko Bronx suna da dalilin jin tsoron wannan.

A Accra kuwa, ko a daren da hunturu ya fi tsanani da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20. A Tamale da Bolgatanga yakan kusanci 15, a Agadez ya taɓo 10. Dizal na ƙwarai ba ya daskarewa a wannan yanayi. Duk wanda motarsa ke fizga a titin Nima, ya nemi dalilin a wani wuri.

Me ya sa sai da lodi?

Injin dizal ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 16 zuwa 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a ciki ya kama da kansa. Abu uku ke nan dole su cika: isasshen mai, isasshiyar iska, da isasshen zafi.

A silo, abin da inji ke sha ɗan kaɗan ne. Ko filta ta toshe rabi, wannan ɗan kaɗan zai wuce. Amma idan mota ta ɗauki lodi ta fuskanci tudu, buƙatarta kan ninka sau da yawa. A nan ne hanyar da ta ƙuntata ke kasawa: mai ya yanke na ƙiftawar ido, inji ya saki, mai ya sake taruwa, inji ya fizga. Wannan shi ne dalilin da ya sa gwada mota a tsaye cikin gareji ba ya nuna komai.

Sababbin injuna sun fi tsofaffi saurin jin jiki. Tun daga 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci tsarin da famfo ke tara mai a bututu guda, ƙwaƙwalwar mota tana ba kowane nozul umarni. Matsin man a wannan bututu yakan kai bar 1,600 zuwa 2,000, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 3. Yawancin motocin dizal na zamani da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema irin wannan inji gare su, kuma ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta ci nozul ɗinsu.

Abin da hunturu ke kawowa

Na farko ƙura ce. Iskar hunturu na kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma laushinta ya sa take cika filtar iska cikin ɗan lokaci. Idan iska ta gaza, mai ba ya ƙonewa duka, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ƙarfi ya ragu. Ƙurar takan kuma lulluɓe sansar da ke auna iskar da inji ke shaƙa, ta riƙa ba ƙwaƙwalwar mota lissafin ƙarya.

Na biyu ruwa ne. Motar da ta bar Tema da rabin tanki ta ɗauki iskar bakin teku mai laima a sauran rabin. Idan dare ya riske ta a arewa, ƙarfen tanki ya yi sanyi, laimar ta zama raɓa ta gangara ƙasa, domin ruwa ya fi dizal nauyi. Ga kuma ruwan da ya shiga tun damina, ko daga man jarka. A inda ruwa da mai suka haɗu wasu ƙwayoyin halitta kan hayayyafa, su zama baƙin yauƙi. Mota na hawa tudu ko tana girgiza, sai famfo ya zuƙo wannan ƙazanta.

Na uku iska ce a hanyar mai. Tsohon tiyo da robar bakin filta sukan ƙanƙance su yi tauri da sanyin asuba, su bar kafar da mai ba ya ɗiga ta cikinta amma iska na shiga. Alamarsa ita ce mota ta wahalar da tashi da safe, ta yi fizga, rana na ɗagawa ta warware.

Na huɗu namu ne, mu muka jawo shi. Al'ada ce a garejojin Afirka ta Yamma a cire tamostat, wai don ƙasarmu ƙasar zafi ce. Injin da aka cire wa shi yakan daɗe bai kai zafin aikinsa na digiri 80 zuwa 90 ba. Idan aka haɗa da matattun hita masu ɗumama inji da nozul da ya gaji, ƙonewar mai kan zama rabi da rabi, da farin hayaƙi mai yaji a ido. Motar da ke wuni a cunkoson shataletalen Circle kuma, kunkunniya kan taru a bawul ɗin da ke maido da hayaƙi cikin inji har ya maƙale a buɗe, ya shaƙe injin daidai lokacin da yake neman iska.

A fara da tambaya kafin sufana

Bakanike na gari yakan fara da tambayar direba. Yaushe abin ya fara? Bayan an sha mai a wani sabon wuri ne? Da safe kaɗai take yi, ko har bayan ta yi zafi? Tanki cike ko ya kusa ƙarewa? Wane irin hayaƙi ke fita daga salansa? Baƙin hayaƙi na nuna ƙarancin iska ko nozul mai zuba. Fari na nuna man da bai ƙone ba. Shuɗi na nuna baƙin mai ne ke ƙonewa. Idan kuwa ƙarfi na yankewa ba tare da hayaƙi ba, galibi mai ne bai isa ba. Idan ƙarar inji na tashi amma gudu bai ƙaru ba, a duba kuloci, a ƙyale inji.

Daga nan a bi matakai, daga mai araha zuwa mai tsada. A buɗe filtar iska a duba. A tsiyayo abin da ke ƙasan filtar mai cikin kwalba mai haske, a ajiye ta ɗan lokaci. Idan akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, kowa ya gani. A sa sabuwar filta ta gaske. A ɗaura ɗan guntun tiyo mai haske kafin famfo, a ga ko kumfa na wucewa. A kwance murfin tanki bayan tafiya: idan ya ja iska da ƙarfi, kafar numfashin tanki ce ta toshe. A tsofaffin motoci, ana iya ba inji tsabtataccen mai kai tsaye daga jarka. Idan fizgar ta ɓace, cutar na tsakanin tanki da filta. A shafa tiyon turbo a nemi tsaga ko jiƙewar baƙin mai.

Sai bayan wannan a jona na'urar binciken mota, kuma a karanta ta mota na tafe da lodi a kan hawa. Lambar P0087 na nufin matsin mai ya faɗi, P0101 na nuni ga sansar iska, P0299 kuma turbo ne bai ba da isasshiyar iska ba. Amma lamba alama ce kawai. P0087 ba ta ce famfo ya mutu ba, domin filtar da ta toshe ma takan haifar da ita. Kafin a taɓa famfo, a auna man da kowane nozul ke mayarwa tanki, a ga ko akwai wanda ya zarce 'yan'uwansa.

Gargaɗi ga yaran gareji: kada a taɓa neman yoyon bututun matsi da yatsa inji na aiki. Man da ke fita da wannan ƙarfi yakan huda fata, kuma raunin na iya kai ga yanke yatsa.

Ingancin mai hakkin kowa ne

A Satumbar 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto kan dizal mai yawan farar wuta da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Ghana ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan. A 2017 aka rage shi zuwa 50 ga man da ake shigowa da shi. Wannan ci gaba ne ga huhun jama'a da kuma sababbin injuna. Sai dai gurɓata dizal da kananzir na rusa wannan amfani, domin dizal ne da kansa ke shafa wa famfo da nozul santsi, kananzir kuwa ba shi da wannan santsi. Haka ma dabarar zuba fetur cikin tanki "don maganin sanyi": a injin zamani hanya ce ta kashe famfo, ga haɗarin gobara.

Hukumar kula da harkar man fetur ta Ghana, NPA, wadda aka kafa a 2005, ita ke da alhakin sa ido kan ingancin man da ake sayarwa. Direban da ya sha mai ya karɓi rasit. Idan ya zargi man, ya ajiye samfurinsa a kwalba ya kai ƙara, domin shirunsa zai sa wani ɗan'uwansa ya faɗa ramin gobe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Nuwamba ne lokacin canza filtoci biyu, tsiyaye ruwan tanki, gwada hita da batir, da mayar da tamostat wurinsa. Masu tafiyar arewa su kwana da tanki a cike. Rassan ƙungiyar direbobi ta GPRTU da ƙungiyoyin kanikawa na Zangunan Accra kuma za su iya haɗa kuɗi su sayi na'urar bincike guda, su tura yaran gareji biyu ko uku su koyi karanta ta da kyau. Mai mota kuma yana da hakkin ya ce wa bakanike, cikin mutunci, "Masta, nuna mini gwajin da ka yi kafin in sayi famfo." Bakaniken da ya san aikinsa zai yi murna da wannan tambaya.