Alkyabbar Jon Snow: wane yadi za ka saya kafin ka je wajen tela?

Tun da yayin shigar jaruman fim ya kama masu yin bidiyo a TikTok, shigar da na fi ganin ana lalatawa ita ce ta Jon Snow na Game of Thrones. Mutum zai kashe kuɗinsa, ya sayi baƙin yadi mai sheƙi, ya yafa, ya fito kamar ango ranar kamu. Matsalar kuwa tun daga shagon yadi take farawa.

Da farko dai, wace alkyabbar kake nufi? Don ba ɗaya ba ce. Akwai baƙa wuluk ta zamanin da yake cikin dakarun Night's Watch masu gadin Katanga. Akwai kuma wadda Sansa ta ɗinka masa a zango na 6, irin ta babansu Ned Stark, mai gashi ruwan ƙasa-ƙasa da igiyoyin fata da suka gicciye a ƙirji. Ni a kan baƙar zan yi magana, ita aka fi nema.

Wani abu da zai kwantar maka da hankali: ita kanta mai tsara tufafin shirin, Michele Clapton, ba wani kayan sarauta ta saya ba. A wata lacca da ta yi a gidan tarihi na Getty da ke Los Angeles a Amurka a 2016, ta bayyana cewa gashin da ke kafaɗar 'yan Night's Watch shimfiɗun tsakar ɗaki ne na kamfanin IKEA. Sun yanka su, sun aske wasu wurare, sun sa musu igiyar fata, sannan suka shafa kaki da abin da ke kama da dusar ƙanƙara don su yi kama da kayan da suka sha wahala. Kai, shimfiɗar da ake takawa fa! Ke nan abin da kyamara take gani shi ne nauyin yadin, da yadda yake zubowa, da yadda yake shanye haske. Tsadarsa ba ta fitowa a hoto.

To a nan ne shadda ta faɗi jarabawa. Shadda tana da ƙyalli kuma tana tsayawa ƙiƙam, an yi ta ne don a ga ka sa sabon kaya. Satin ya fi ta muni, da rana ta taɓa shi sai ya koma kamar leda. Karammiski kuma, wanda tela zai fara kawo maka shawararsa da zarar ya ji kalmar alkyabba, na hawan sallah ne da naɗin sarauta. Alkyabbarmu ta nuna isa ce. Ta Jon Snow ta talakan soja ce da ke kwana cikin sanyi, duk abin da ya yi walƙiya a jikinta ya ɓata ta.

Abin da ya fi kusa da na ainihi shi ne ulu mai kauri. Amma tsaya. An ɗauki waɗannan wuraren ne a Ireland ta Arewa da Iceland, inda sanyi ke shiga ƙashi. Kai kuma a Kano kake ko Zariya ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Ka yafa ulu baƙi da tulin gashi a wuya da tsakar rana, wallahi kafin a gama saita kyamara jiri ya ɗebe ka. Shi ya sa ni na fi son abu biyu. Na farko yadin kwat marar sheƙi mai ɗan nauyi, ana samunsa a Kantin Kwari. Na biyu, wanda ya fi burge ni, auduga mai kauri irin gwado ko saƙi. Saƙar hannu tana da ƙuraje-ƙuraje da rashin daidaito, kuma wannan ne ke sa baƙi ya fito a hoto. Baƙin yadi mai santsi sumul a bidiyon waya duhu kawai yake zama, ba ka ganin ninki ko ɗaya. Auduga tana karɓar rini, sai dai in ka kai marina irin ta Ƙofar Mata ka sani baba zai ba ka baƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda ni a ganina ya ma fi kyau. Ka dai gaya musu kada a kai wajen masu bugu, don bugu ne ke sa ƙyalli.

A shago kada ka ji kunyar gwaji, kuɗinka ne. Kunna fitilar wayarka ka haska yadin, in ya mayar maka da haske, ajiye. Ka warware kamar yadi biyu ka rataya a hannu ka ɗan juya: mai kyau zai bi ka a hankali ya kwanta, marar nauyi zai tashi sama kamar labule. In mai shago ya rantse ulu ne zalla, roƙi zare ɗaya ka fita waje ka ƙyasta masa ashana. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka mai murmushewa, auduga warin takarda, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Na roba ba ya jin rinin marina, kuma shi ne ya fi dafa mutum.

Yadi nawa? Ka tambayi faɗi kafin tsawo. In tela zai yanka ta rabin da'ira, kuma daga wuyanka zuwa idon sawu ya kai inci 55, to yadi 3 da rabi zuwa 4 ya isa in faɗin yadin inci 60 ne. In mai inci 45 ne dole a yi haɗi, ka lissafa 5 ko 6. Auduga tana tsukewa, a wanke ta tukuna kafin almakashi ya taɓa ta. Shafi kuma a bar shi, zafi kawai zai ƙara maka. In kana son gindin ya yi nauyi, a yi masa kalmasa mai faɗi.

Sai gashin kafaɗa, inda mutane suka fi yin asara. Wasu kan ɗauko buzu. Amma tumakinmu, uda da balami da 'yankasa, gajeren gashi ne da su mai kwanciya, ba za su ba ka wannan tudun da ke sa kafaɗar Kit Harington ta yi faɗi kamar ta ɗan dambe ba. Ka bi hanyar Clapton: shiga gwanjo, Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, ka nemi ƙaramin kafet mai dogon gashi ko tsohuwar rigar sanyi mai gashi a wuya. Nemi baƙi tun asali, don yawancinsu na roba ne, ba za su rinu ba. In za a yanka, a kife shi a bi ta baya da reza, kada a sa almakashi, in ba haka ba gashin zai guntule ya bar layi kamar askin kwano. Gashin ya kalli ƙasa, kuma kada bakin ya yi daidai, a bar shi da ɗan tsage-tsage. Igiyoyin ƙirji kuwa duk baduku a Kasuwar Kurmi zai yi maka su in ka nuna masa hoto, ka ce fata marar sheƙi.

In an gama ɗinki, saura tsufarwa, kuma na san zuciya ba za ta so ba. A goga samfefa a gindi da gefe-gefe, a ɗan yayyafa toka a kakkaɓe. Sannan ka jira hunturu, Disamba ko Janairu, ka fita da sassafe lokacin da hazo ya rufe gari, hoton zai yi kama da ƙasar sanyi ba tare da wani tace-tace ba. Masu son riƙe wuta a hannu don bidiyo ya yi armashi, ku rufa wa kanku asiri: gashin roba nan da nan yake kamawa, kuma a wuyanka yake.