Ciwon Hanta Nau'in E: Sojoji da Ruwan da Muke Sha

Mun saba ganin motocin sojoji suna ratsa Batsari da Safana zuwa bakin dajin Rugu. Kullum muna yi musu addu'ar tsari daga 'yan bindiga, amma akwai wani haɗarin da ba a cika ambato ba, wato ciwon hanta nau'in E.

Ƙwayar cutar tana fita ne ta bayan gida. Idan ruwan sama ya kwashe ƙazantar zuwa rijiya ko kududdufi, duk wanda ya sha yana iya kamuwa. Bayan sati 2 zuwa 10 sai zazzaɓi da amai, fitsari ya yi duhu, idanu su koma ruwan ɗorawa, wato shawara.

Soja a sansanin daji ba shi da famfo, kuma mutane da yawa ke sha daga jarka ɗaya. Hasali ma, daga sojojin Tarayyar Sobiyet da suka kamu a Afganistan ne likita Mikhail Balayan ya gano ƙwayar, ya bayyana ta a 1983. A 2017 cutar ta ɓarke tsakanin 'yan gudun hijira a Diffa ta Nijar da Ngala ta jihar Borno.

Yawancin masu cutar suna warkewa, amma tana iya kashe mace mai tsohon ciki. Rijiyar da soja ke ɗiba, ita iyayenmu mata ke ɗiba. Don haka mu tafasa ruwan sha, mu rufe randa, mu wanke hannu da sabulu, mu daina bayan gida a fili. Wanda idonsa ya canza, a garzaya da shi asibiti.