Hayaniyar Birni da Lafiyar Zuciya

Wanda gidansa ke bakin titi, ko wanda janareton maƙwabci ke kwana yana ruri a bayan tagarsa, yakan ce ai ya saba. Hankalinsa ne ya saba, jikinsa yana nan yana amsa kowace ƙara.

Kunne ba ya rufewa ko a cikin barci. Da hon ɗin mota ya tashi, sai saƙo ya isa sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari, shi kuma ya zaburar da wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Nan take bugun zuciya ya ƙaru, hanyoyin jini su tsuke, jini ya hau. An halicci jiki da wannan shiri ne don tsira daga haɗari na ɗan lokaci. Idan abin yana maimaituwa kullum dare na tsawon shekaru, hanyoyin jini suna jigata, sai a buɗe wa hawan jini da ciwon zuciya ƙofa.

Yara ma ba su tsira ba. Da aka buɗe sabon filin jirgin sama na Munik a Jamus a 1992, masu bincike sun ga adirenalin ya ƙaru a jikin yaran da ke kusa da shi, karatunsu kuma ya ja baya.

Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai da kada ƙarar titi ta kai desibel 53 a ma'aunin ƙara, a matsakaicin lissafin dare da rana, ko 45 da dare. A 2020 kuma Hukumar Muhalli ta Turai ta ƙiyasta cewa hayaniya na janyo mutuwar mutum 12,000 kafin tsufa duk shekara a nahiyar.

A Najeriya akwai ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009, ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, amma duk mai ratsa Kano da rana ya san lasifikar masu talla, injin markaɗe da hon ɗin adaidaita sahu ba su san da su ba. Ya kamata hukuma ta fara da dare, domin lokacin ne jiki ke gyara kansa. Mai gida kuma ya nisantar da janareto daga ɗakin kwana, ya rage muryar lasifika a biki, ya riƙa zuwa ana auna masa jini.