Tambayi Fayil Kafin Ka Rubuta

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Dambam, hedimasta ya aiko mini da babban littafin maki ta hannun wani yaro. Ban tambaya ba, na zauna na cika shafi biyu. Ashe dubawa kaɗai aka ba ni. Wahalar yamma guda ta tafi a banza, ga kuma kunya.

Wannan ya sa na fahimci wani abu game da kwamfuta. Kadan lissafi ya yi yawa ƙwarai, kamar na kintacen yanayi, akan raba shi ga ma'aikata masu yawa cikin na'ura, su yi shi a lokaci guda. Tsarin da suke bi su yi magana da juna sunansa MPI. An fito da shi a 1994, sa'an nan a 1997 aka ƙara masa ƙa'idodin fayil.

Ma'aikatan nan tare suke buɗe fayil, kuma lalle ne dukansu su faɗi izini iri ɗaya: ko karatu kaɗai, ko rubutu kaɗai, ko duka biyu. To, ina amfanin tambaya? Sau da yawa sashen da zai rubuta ba shi ya buɗe ba, miƙo masa aka yi, kamar yadda yaron nan ya miƙo mini. Sai ya kira MPI_File_get_amode, a ba shi amsa.

Amsar lamba ce guda, amma kowane izini yana da gurbinsa a cikinta. Kada ka ce, shin lambar daidai take da MPI_MODE_WRONLY? Gama watakila an haɗa ta da MPI_MODE_CREATE, watau a ƙirƙiro fayil in babu shi, sai ka ga ba su yi daidai ba alhali kana da izini. Gurbin kaɗai za ka duba, ka kuma duba na MPI_MODE_RDWR.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan. In ka yi rubutu a fayil na karatu kaɗai, bisa al'ada MPI ba ya tsai da aikin. Lambar kuskure yake mayarwa, shiru. Wanda bai duba ta ba, na'ura za ta kwana tana lissafi, da safe ya tarar ba a rubuta kome ba. Ni dai hedimasta ya kira ni ofis ya faɗa mini.