Kada a yanke kuskuren malam

A shekarar 2005 David Heinemeier Hansson ya naɗi fuskar kwamfutarsa yana gina shafin intanet da Ruby on Rails cikin kusan minti 15, yana bayani da bakinsa. Abin da ke cikin bidiyon kawai rubutu ne yana fitowa layi bayan layi, da muryar mai rubutawa. Wannan ɗan bidiyo ya ja ɗimbin masu rubuta manhaja zuwa ga Rails, kuma daga 2007 Ryan Bates ya ɗora da gajerun darussansa na RailsCasts.

Yau manhajojin yin irin wannan bidiyon koyarwa ba sa buƙatar ko sisi. OBS Studio, wadda ta samo asali a 2012, tana naɗar fuskar kwamfuta kyauta, Audacity kuma tana gyara sauti. Wahalar tana wajen sanin abin da ɗalibi ke buƙata.

Murya ce kan gaba. Mai kallo kan haƙura da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma da ya ji ƙugin janareta ko amsa-kuwwar ɗaki ya rufe maganar malam, sai ya tafi. Makirfo mai araha a kusa da baki, cikin ɗaki mai labule da darduma, ya fi mai tsada da aka ajiye nesa. Sai girman haruffa: da yawa cikin masu koyo a Kano ko Maraɗi a waya suke kallo, suna lissafin data, kuma rubutun da ya fito sarai a kwamfuta, a waya sai ya zama kamar jerin tururuwa.

Tsawo ma abin lura ne. Binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, kan kallo miliyan 6.9 na darussan dandalin edX, ya nuna hankalin ɗalibai kan fara janyewa bayan minti shida.

Sai dai wajen tace bidiyo ne nake ganin ana cutar ɗalibi ba da niyya ba. A yanke jiran saukar manhaja, a yanke tari da dogon shiru, duk daidai ne. Amma malamai da yawa sukan haɗa har da inda manhajar ta ƙi aiki, jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta. Alhali nan ne darasin yake. Mai koyo zai gamu da wannan saƙon kuskure tsakar dare, shi kaɗai, ba wanda zai tambaya. Idan bai taɓa ganin gwani ya tsaya ya karanta saƙon a nitse, ya duba lambar layin, ya gano waƙafi guda ne ya ɓace ba, sai ya ɗauka shi ne ba shi da kai. Masu tacewa su rage tsawon laluben idan ya yi yawa, su sa shi ya yi sauri, amma su bar muryar malam tana faɗin abin da yake zargi da dalilinsa.