Kuskuren Da Ba Ya Fitowa Sai Bayan Matakai 35

A ce mutum biyu na amfani da asusun banki ɗaya mai naira dubu goma. Ɗaya yana wajen mai POS, ɗayan yana gaban ATM, kowa na son cire dubu takwas a daƙiƙa guda. Idan manhajar bankin ta duba wa na farko kuɗin, sannan ta duba wa na biyu kafin ta rage na farkon, to duka biyun za su samu. Dubu shida ta salwanta ke nan.

Irin wannan matsalar tana da wuyar kamawa. Ana iya gwada manhaja sau dubu ta wuce lafiya lau, domin kuskuren ba ya fitowa sai abubuwa sun jeru ta wata hanya ta musamman.

Shi ya sa wasu injiniyoyi ke fara bayyana halayyar tsarin da lissafi kafin su rubuta manhajar. Abu uku suke rubutawa: yanayin da tsarin ke farawa da shi, matakan da aka yarda ya ɗauka, da ƙa'idar da ba za a taɓa karyawa ba, misali kada kuɗin asusu ya gaza sifili. Daga nan sai kwamfuta ta bi jerin matakan ɗaya bayan ɗaya, duk yadda za su iya cakuɗuwa. Inda ƙa'ida ta karye, za ta nuna hanyar da aka bi har aka kai wurin.

Ɗaya daga cikin harsunan wannan aiki shi ne TLA+, wanda Leslie Lamport ya ƙirƙira, masanin da ya samu lambar yabo ta Turing ta 2013. Injiniyoyin Amazon sun fara amfani da shi a 2011. A maƙalar da suka wallafa a 2015, sun bayyana yadda ya tono wani kuskure a rumbun bayanansu na DynamoDB wanda zai iya jawo asarar bayanai. Sai an bi matakai 35 a jere yake bayyana, kuma ya tsallake bitar ƙwararru da gwaje-gwaje. Haka ma a Faransa, da wata hanya mai suna B aka gina manhajar tsaron layi na 14 na jirgin ƙasan birnin Paris, wanda aka buɗe a 1998 ba tare da direba ba.

Amma fa hanyar tana da iyaka. Yawan yanayoyin yana ninkuwa da sauri, don haka galibi ƙaramin samfuri ake bincikawa. Sannan idan mai rubuta manhaja ya kauce wa abin da aka tsara, kuskure zai iya shigowa ta can. Saboda haka gwaji yana nan daram, sai dai an riga an tace tsarin tun gyara yana da araha.